Hannun Hagun Awine

Wata daga cikinku ta rubuto min shekaranjiya cewa in daina ja wa Akolbila rai, wai maza irinsa ba a tsintar su a hanya. 'Yar'uwa, na ji. Ban ba ki amsa ba saboda lokacin da saƙonki ya shigo hannuwana biyu suna cikin kwaɓin farar ƙasa, kuma ko a bushe suke ban san me zan ce miki ba. Na gaji ne, irin gajiyar da ko an kwanta ba ta sauka. Bari dai in faɗa muku yadda satin nan ya kasance, sai ku yanke min hukuncin da kuka ga dama.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ayinpoka, shekarata ashirin da huɗu, kuma har yau a gidan Babana nake a Sirigu, can arewacin Ghana. Ina da ɗa guda, Awine, shekararsa biyu da wata takwas. Wanda ya yi min cikinsa ya hau mota zuwa Kumasi tun cikin bai fito ba, kuma ko saniya ɗaya ta sadaki ba ta shigo garken Baba da sunansa ba. Don haka yaron na Baba ne, sunan Baba yake amsawa. Mu biyar Inna ta haifa, duk mata, huɗun suna gidajen mazajensu. Ranar da na haifi namiji, Baba ya yanka akuya, mutumin da ko ranar Kirsimeti sai an kai ruwa rana kafin ya yarda a taɓa masa zabo ɗaya. Gidan da kowa ya ɗauka zai rufe da mutuwarsa ya samu magaji.

Kun ga ke nan inda matsalar take. Duk ranar da na yi aure, ni zan tafi, Awine zai zauna.

Akolbila mai gyaran famfo ne a Bolga, babban garin yankinmu. Bara ya zo gyara famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu, aikin rabin yini ya mayar da shi na kwana uku, kullum wai akwai wani ƙarfe da ya manta. Ya san da yaron tun ranar farko, don a bayana ya gan shi. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, kuma ina son shi, wannan ba zan ɓoye muku ba. Sau nawa yana rubuto min, "Ki taho min da shi, ɗana ne." Sau nawa ina ba shi amsa ɗaya: ba kai ne mai cewa ba, ni ma ba ni ce mai cewa ba.

Da Awine kamar sauran yara yake, da wataƙila na rufe ido na tafi, ai wasu sun yi kafin ni. To Awine ba ya magana. Yaran da aka haifa bayansa suna zagin kaji suna kai ƙarar yayyensu, shi kuwa idan yana son abu sai ya tsaya a gabansa ya yi ta kuka har sai an gane. Inna ta ce kar in damu, mazan gidan nan ba su da saurin baki. Amma wata huɗu da suka wuce, ranar awo, Madam Efua, nas ɗin ƙaramin asibitinmu, ta tsayar da ni bayan kowa ya tafi. Ta tafa hannu a bayan kunnensa, ya waiwaya. Ta miƙa masa alli, ya karɓa ya zauna a ƙasa ya yi ta zana simintin ɗakin, ko ɗagowa bai yi ba har muka gama magana.

Ta ce, "Kunnensa lafiya. Ke ba daga gidan masu zanen bango kike ba?"

Na ce, "Daga nan nake, Madam."

"To kina da magani a gida kina yawo. Ki ba shi bango."

Ta yi min bayani dalla-dalla. In zauna da shi kullum, ko na ɗan lokaci kaɗan ne. Kar in ce masa "ce kaza", ya gaji da jin wannan. In riƙa faɗin abin da hannunsa yake yi: sama, ƙasa, zagaye, ja, fari. In ajiye launin da ya fi so inda hannunsa ba zai kai ba, sannan in yi shiru in jira shi ya nema. Kar in kama masa hannu, kar in gyara masa zane, kar in tambaye shi me ya zana. Bayan wata shida in bai motsa ba za ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Bolga.

Na dawo gida na share wani gefen bango a bayan rumbu, daidai tsayinsa, na yaɓe shi da hannuna na goge da dutse har ya yi sumul. Da farko komai baki yake kaiwa, sai na dama masa sitacin rogo na raba gida uku, ɗaya na zuba ruwan zoɓo, ɗaya gangamau, ɗaya garin gawayi, in ya lasa ba abin da zai same shi. Da ya daina ci sai na koma ba shi irin namu na manya: jar ƙasa, farar ƙasa, da baƙin dutse da muke niƙawa. Na yanka masa kuɓewa biyu, ya tsoma ya danna a bango ta fito kamar fure, ya tsaya yana kallo baki buɗe. Na ba shi totuwar masara ya mirgina. Na ba shi gashin zabo irin wanda Goggo, ƙanwar Baba, take jan layi da shi. In bangon ya cika, in sake shafe shi da laka, washegari ya sami sabo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, aiki ne mai cin rai. Ka tashi ka ɗebo ruwa, ka tuƙa tuwo, ka zauna saƙar kwando har bayanka ya ƙage, sannan ka durƙusa a bayan rumbu cikin zafin watan Maris kana ce wa yaron da ba ya amsawa "ja, ja, fari". Akwai ranakun da na ji kamar in kifar da ƙoren in tashi. Amma a sati na shida ya ɗago ya kalle ni cikin ido, ya nuna ƙwaryar jar ƙasa da yatsa. A wata na uku ya ce "ƙara". Zuwa satin da ya wuce kalmominsa huɗu ne: ƙara, ruwa, ja, da a'a. Dukkansu a gaban bangon nan suka fito, ba a wani wuri ba.

Kuma da hannun hagu yake yin komai. Na lura tun farko, na gaya wa Madam Efua, ta ce in bar shi, hannun da ya zaɓa shi ne nasa. Ban gaya wa kowa a gida ba. Bayan rumbu ba hanyar kowa ba ce.

Ranar Litinin Inna ta same ni ina wanke masa ƙoren.

"Dangin Akolbila sun aiko. Asabar za su zo gaisuwa."

"Na sani, Inna."

"Kin sani, shi ne kike zaune kina wasan ƙasa? Kin je wurin tela? Kin ga ɗakin da mutumin nan ya kama miki?"

"Wa zan bar wa Awine?"

Ta riƙe haɓa. "Yau ga tambaya. Ni da na raini biyar, sai naki guda ne zai gagare ni? Ke dai ki ce ba kya son auren, in san inda zan sa fuskata. Yayyenki duk sun tafi, ke kin maƙale min a tsakar gida kamar turmi. Namiji ya gan ki da goyo ya ce ya ji ya gani, kina tsammanin gobe wani zai zo?"

Ta sassauta murya, wadda ta fi faɗan ciwo.

"Ayinpoka, dole ki fara koyon barinsa. Shi ma ya koya. Ki tafi gobe ki yini, ki nuna min abin da ake yi masa, zan yi."

Na nuna mata. Na kai ta bayan rumbu na jera mata ƙoren, na ce ga ja ga fari, ki ɗora jan a kan dutsen nan, ki jira sai ya nema, kar ki kama masa hannu. Tana ta gyaɗa kai tana cewa to, to, ai ba karatun likita ba ne. Maganar hagu ce kawai ban yi ba. Wannan laifina ne, kuma na ɗauka.

Talata da safe na sa atamfata mai ruwan ganye da ɗankwalinta, na shafa hoda, na fita ta bayansa yana cin koko don kar ya ga tafiyata. Akolbila ya tare ni a tashar Bolga da babur. Ɗakin ciki da falo ne a bayan kasuwar kwanduna, ya shimfiɗa sabuwar leda, ya rataya labule shuɗi da ya fi tagar tsawo. A falon, gefe ɗaya, ya bar bango ba fenti daga ƙasa zuwa daidai ƙugu.

Na ce, "Fentin ne ya ƙare?"

Ya sosa ƙeya. "Na Awine ne. Na roƙi mai gidan, ya ce in dai zan shafe ranar da za mu tashi."

Na juya ina duba labule don kar ya ga fuskata. Ku gaya min, da wane baki ake ce wa irin wannan mutumin a'a? Ya saya min shinkafa da wake, ya kai ni wurin tela aka auna ni, duk ina amsa masa da rabin hankali, rabin yana bayan rumbu.

Ƙarfe biyar na shigo gida. Gaban gidan ya sauya, don Goggo Atipoka, ƙanwar Baba, ta tara matan unguwa sun yini suna zanen bangon waje saboda baƙin Asabar. Kada da mesa da saniya, ga layukan sakaina baƙi da fari daga sama har ƙasa, an yayyafa makuba sai ƙyalli yake. Ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Na wuce su ina gaisuwa a tsaye, idona yana neman yarona.

A gindin turmi na same shi zaune. Bai taso ba. An zura masa hannun hagu cikin tsohuwar safar Baba, an naɗe da tsumma, an ɗaure a ƙugunsa ta baya. A gabansa ga ƙwaryar farar ƙasa, ga gashin zabo a ƙasa kusa da hannun damansa, ko jiƙa shi bai yi ba. Hawaye ya bushe masa a kumatu layi biyu.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ƙullin ya ƙi kwancewa sai da na sa haƙori.

Goggo ta leƙo, hannunta duk baƙi. "Ke, bar shi. Kwana bakwai ake yi."

"Wa ya ɗaure shi?"

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu a zani. "Ni ce. Sai aka yi yaya?"

"Inna, na ce kar a kama masa hannu."

"Kin ce kar a kama, ba ki ce min bahago ba ne. Wata nawa kina ɓoye min? A gaban matan unguwa yaron nan ya tsoma hagu cikin ƙwaryar Goggonki, ya ɗauki gashi ya miƙa mata da hagu. Da hagu, Ayinpoka. Ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba."

Goggo ta ce, "Da ɗan wani gida ne da sauƙi. Wannan shi zai zuba wa kakanni ruwa, shi zai yanka musu kaza, shi zai karɓi baƙi a ƙofar nan. Da hannun wanke gindi zai yi? Ke kin yi makaranta kin fi mu sani, to gaya min."

"Nas ta ce…"

"Nas 'yar kudu ce. In wa'adinta ya cika za ta ɗaure kayanta ta koma bakin teku, mu za a bari da shi."

Na ɗauke shi na shige ɗaki. Hannun ya yi zufa ya yi fari, shatin tsumma ya fito a wuyan hannun. Na yi ta murza masa ina kiran sunansa. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san Inna ba mugunta ta yi ba. Tana son yaron nan kamar ranta, ita take tauna masa nama, ita take tashi in ya yi tari. Da ƙauna ta ɗaure shi, kuma da ƙauna za ta sake ɗaure shi ranar da na bar gidan.

Washegari na sami Baba a rumfar ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, tun daga allin Madam Efua har zuwa safar. Na ce, Baba, ka ba ni aronsa shekara biyu kawai, bakinsa ya buɗe, in dawo maka da shi da kaina. Sunanka zai ci gaba da amsawa, duk hutu a nan zai yi.

Ya ƙarasa tufkar da ke hannunsa. Sannan ya ajiye igiyar ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi.

"N-ni ma an ɗaure min. G-ga ni."

Na kalle shi. Babana yana da in'ina, shi ya sa maganarsa a yini ba ta wuce a ƙirga da yatsu. A taron dangi Goggo ce bakinsa. Tun ina yarinya ban taɓa jin ya ba da labari har ƙarshe ba. Ban ce ɗaurin ne ya jawo masa ba, ni ba likita ba ce, ban sani ba. Amma ya ce "ga ni", na kuwa gan shi.

"Baba, shekara biyu."

"Y-yaron gida ba ya fita."

Ya ɗauki igiyarsa. An gama magana ke nan.

Kwana uku ina kai Awine bayan rumbu. Na yaɓe masa sabon bango, na yanka sabuwar kuɓewa, na dama jar ƙasa mai kauri yadda yake so. Sai ya tsaya nesa, ya mayar da hannun hagu bayansa da kansa, ba wanda ya ɗaure shi. Na ɗora jan a kan dutse na jira. Na jira har cinyata ta yi tsami. Bai nuna ba, bai ce ƙara ba, ko a'a ɗin da ya fi iyawa bai ce ba. Wata huɗu na durƙuso ya tafi a yini ɗaya, yinin da na je kallon labule.

Ranar Juma'a na tura wa Akolbila hoton wuyan hannun.

Ya rubuto: "Wa ya yi wannan?"

"Ba wanda za ka iya yi wa faɗa."

"Kin yi magana da Baba?"

"Na yi."

"Me ya ce?"

"Abin da ka sani."

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga saƙon murya, na kara a kunne. "Poka, ki bari a yi auren tukuna. In kin shigo, a hankali za mu lallaɓa tsoho. Duk sati zan kawo ki ki gan shi, na yi miki alkawari."

Na rubuta: "Duk sati kwana shida ke nan ba na tare da shi."

Na kife wayar a cinyata.

Yau Asabar, da hantsi su Akolbila suka iso. Kawunsa biyu cikin rigunan saƙi masu nauyi duk da zafin nan, da wata goggonsa, da shi kansa a baya cikin farar riga da aka goge ta har tana iya yanka. Sun zo da zabi a ɗaure, da goro, da taba, da tulun burkutu. Aka shimfiɗa musu fata a rumfa, aka ba su ruwan gari suka sha, aka yi ta gaisuwa ana tambayar shanu da kaji da ruwan bara. Babban kawun ya yaba bangon, Goggo ta ce ai ba komai, aikin gaggawa ne, alhali tun safe take tsaye kusa da shi don a tambaye ta.

Ni ina ɗaki, Inna tana ɗaura min ɗankwali tana ja kamar za ta cire min kai.

"Ki saki fuskar nan. Za a tambaye ki sau uku, ki ce a karɓa sau uku, ki dawo. Ko akuya za ta iya."

"Inna, in na tafi za ki sake ɗaure shi?"

Hannunta ya tsaya. Da ta yi min ƙarya da wataƙila yanzu wani labarin nake ba ku. Amma uwata ba ta iya ƙarya ba.

"Kwana bakwai ne kawai, 'yar nan. Zai manta. Gata nake yi masa."

Aka kira ni. Na fita na durƙusa, Awine ya biyo ni ya riƙe gefen zanina da hannun dama, ɗayan yana bayansa. Akolbila ya ɗago ya yi min murmushi, sannan idonsa ya sauka kan yaron, murmushin ya tafi.

Goggo ce ta yi magana a madadin Baba. "Ayinpoka, ga baƙi sun zo da kaya. Kin san su?"

"Na san su, Goggo."

"A karɓa?"

Na ji zabin suna motsi cikin ɗaurinsu. Na ji Inna a bayana tana numfashi.

"Kar a karɓa."

Goggo ta yi dariya ta kalli baƙin. "Kunya ce. Yaran yanzu sai an lallashe su. Ayinpoka, na ce a karɓa?"

"Kar a karɓa."

Ba ta yi ta ukun ba. Babban kawun ya gyara rigarsa a hankali, ya ce, "To, ai tambaya muka zo yi, an kuma ba mu amsa. Ba faɗa." Goggon Akolbila ta ce a ƙasan maƙoshi, amma yadda kowa zai ji, "Da ma na faɗa masa, mai goyo ba ta da zuciya biyu." Suka tattara kayansu. Akolbila ne na ƙarshe da ya tashi. Ya tsuguna ya miƙa wa Awine hannunsa na hagu, a gaban Baba da kowa. Yaron ya kalli hannun ya ɓuya a bayana.

Da ƙarar baburansu ta yi nisa, Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ce, "Kin kashe ni." Goggo ta fara, tun daga cikin da na yi har zuwa makarantar da ta lalata ni. Na sunkuyar da kai ina jiran na Baba, don na san nasa gajere ne amma shi zai fi zafi.

Sai ya ɗaga wa Goggo hannu ta yi shiru. Ya kalle ni, fuskarsa a sake, irin sakin da rabon da in gani tun ranar da ya yanka akuyar nan.

"Ɗ-ɗakin Kakarki ba kowa. Ki g-gyara shi. Naki ne."

Inna ta ɗago ta kalle shi, sannan ta kalle ni, sai ta fashe da kuka na gaske. Ni sai daga baya na gane. Ɗakin Kaka ba a ba wa 'yar da ake sa ran za ta tafi. Na 'yar da ta zauna ne, wadda in ta sake haihuwa ma 'ya'yan na gidan ne, ta tsufa a nan a binne ta a nan. Ashe duk tsawon watannin nan da Inna take tura ni waje, akwai mutum ɗaya da yake zaune shiru yana jiran in ce a'a da bakina. Na ɗauka yaƙi na yi, ashe ƙofa na ja wa kaina.

Ban ci abinci ba. Na ɗauki Awine muka koma bayan rumbu, na jingina da bangonsa da ba komai a kai, ya kwanta a cinyata barci ya ɗauke shi. Ƙarfe ɗaya saura wayata ta yi motsi.

"Na sallami su Kawu, ban bi su ba. Ina gindin kukar mararraba da babur. Ki goyo shi ki taho, kar ki ɗauki komai. Abin da zai biyo baya ni zan tsaya a gaba. Zan jira har ƙarfe huɗu, in ban gan ki ba na gane, ba zan sake damun ki ba."

Kun san abin da yake nufi, ko ba ku sani ba in gaya muku. Mace ta bi namiji ba sallama, wannan ana yi, daga baya a zo a ba da haƙuri a kawo shanu. Amma a fita da magajin gida, wannan ban taɓa jin wadda ta yi aka yafe mata ba. Ko ranar da Inna za ta mutu ba za a bar ni in tsallaka ƙofar nan ba. Baba kuma zai koma mutumin da gidansa zai rufe, kuma ni ce zan rufe shi. In na zauna, yau na hana ɗauri, gobe na hana, amma kasuwa fa, da rafi, da ranar da zazzaɓi zai kwantar da ni?

Tun lokacin nake danna wayar nan ina rubuta muku da hannu ɗaya, ban sani ba ko don in hana kaina tashi ne ko don in hana kaina zama. Yanzu ƙarfe uku da minti ashirin. Daga nan zuwa kukar tafiyar rabin awa ce da goyo. Zanin goyon yana kan igiya, taku huɗu daga inda nake. Ƙofar gidanmu ɗaya ce, kuma Baba yana zaune a bakinta da wuƙarsa, yana fere wa Awine ƙotar 'yar fartanya.